Rasuwar Baba Ɗigo da Sukarin da Aka Hana Shi

Daga Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakunan Gwaji, Reshen Sashen Kimiyyar Sinadaran Jiki, zuwa ga iyalan marigayi, da hukumar Sashe, da ɗalibai, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa.

Kai da ka tsaya gaban allon sanarwa kana karanta wannan, ko ɗalibi ne kai, ko malami, ko mai wucewa kawai, ba ni amsa kafin ka ɗaga ƙafa: masu karatun boko nawa ya kamata su taru a ɗaki ɗaya kafin a samu wanda zai sa wa dattijo cokali ɗaya na sukari a baki? Mu dai mun ƙirga. Ɗalibai casa'in da uku da Dakta guda ba su isa ba.

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ta ƙi yin sanyi, wannan Ƙungiya take sanar da mambobinta da ɗaukacin jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, ɗaya daga cikin mutum bakwai da suka kafa ta, tsohon Shugabanta har karo biyu, Babban Jami'in Ɗakin Gwaji na ɗaliban shekarar farko, malaminmu da ba a taɓa rubuta masa malami a takarda ba, wanda manya da yara suka fi sani da Baba Ɗigo. Allah da Ya ba mu shi Ya karɓi abinsa ranar Laraba bayan la'asar, a gadon asibiti, yana da shekara hamsin da tara, bayan ya yi kwana ɗaya da yini bai farfaɗo ba. Ya bar matar aure ɗaya, da 'ya'ya biyar, da jikoki shida, da ɗalibai waɗanda ba mai iya ƙirga su.

Mun sani saƙon ta'aziyya ba filin faɗa ba ne. Da farko dattawan Ƙungiya cewa suka yi in rubuta layi goma, in yi addu'a, in sa hannu. Sai ranar Alhamis muka wayi gari da wasu takardu biyu a liƙe a allon nan, waɗanda zan zo kansu. Da aka karanta su a taro, Shugabanmu, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya cire tabarau ya ce, “Ɗan Sito, rubuta duka.” To ga duka.

Shekara talatin da ɗaya marigayi ya yi a ɗaki ɗaya, ɗakin gwaji mai lamba biyu, mai tebura ashirin da famfo shida, biyu daga ciki ba su taɓa daina yoyo ba tun zuwansa. Shi ke buɗe ɗakin, shi ke auna abin da za a gwada, shi ke haɗa ruwan sinadarai, shi ke bin tebur-tebur yana gyara hannun ɗalibin da ya riƙe kwalbar gwaji kamar zai sha shayi. A nan ya samo sunansa. Da ɗalibi ya ɗauko aidin zai antaya, sai ya ji murya daga can ƙarshen ɗaki: “Ɗigo ɗaya, ɗan malam, ɗigo ɗaya! Ba miya kake yi ba.”

Darasin da ɗalibai ke kira bayokem, wato ilimin sinadaran da aka gina jikin mai rai da su, da yadda jiki ke juya abinci ya zama ƙarfi, shi ne dodon 'yan shekarar farko. A babban ɗakin lacca akan cika musu allo da kibiyoyi da sunaye masu tsawon kamu guda, su kwafa, su fito kai na juyawa. A lamba biyu suke gane abin da aka faɗa musu. Marigayi yakan ce musu, “Jikinku gida ne. Sukari shi ne itacen da ke ci a murhu yanzu. Sitaci dami ne da ba a kwance ba. Kitse buhun gawayi ne da aka ɓoye a ƙurya saboda ranar tsiya. Furotin kuwa su ne mutanen gidan, su ne kuma tubalin bangon.” In aka zo kan inzayim, waɗannan furotin da ke hanzarta kowane aiki a jiki, sai ya ce unguwarzoma ce: ba ita ke haihuwa ba, amma in babu ita naƙuda ta yi ta ja. A makon farko yakan sa kowa ya tofa yawunsa a ruwan sitaci, a riƙa ɗibar ɗigo ana gwadawa da aidin, har a ga shuɗin nan mai duhu ya daina fitowa saboda yawu ya farfasa sitacin. In ya hango wata tana yatsina fuska sai ya ce, “Ke 'yar gayu, yawun nan da kike ƙyama ya fi ki sanin bayokem.” A yau akwai likitoci da masu haɗa magani da malaman jami'a da ba za su manta ranar da suka tofa yawu a gaban Baba ba. Ni mai rubutun nan ban taɓa zama a ɗakin lacca ba. Da takardar sakandare na zo tsaron sito, tsofaffin littattafan da ake zubarwa nake tsinta ina karantawa, inda na cije in kai masa, ya warware mini yana wanke kwalabe. Don haka duk abin da zan faɗa nan gaba a kan sukari da jini, wanda ya ga kuskure ya fito ya gyara mini.

Akwai darasi ɗaya da ya fi kowanne suna, wanda ɗalibai suka raɗa wa darasin cokali. Marigayi ya shekara ashirin da ciwon suga, kullum da safe yana yi wa kansa allurar insulin, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Ciwon nasa ma ya mayar da shi kayan koyarwa. A mako na shida, ranar gwajin sukari, yakan soki yatsansa a gaban aji ya auna jininsa, sannan ya ɗaga cokalin shayi sama ya ce, “Duk sukarin da ke yawo a jinin babban mutum bai wuce cikin cokalin nan ba. Ƙwaƙwalwa kuma sarauniya ce mai tsirfa: ba ta cin kitse, ba ta da rumbu, sukari take jira minti bayan minti. In ya ragu, hanta ce ke buɗe ajiyarta ta ƙaro. Amma allurar da nake yi korar sukari take daga jini zuwa tsoka, ta kuma ce wa hanta rufe ƙofa. To in na yi allura ban ci abinci ba, wa zai ciyar da sarauniya?” Daga nan sai ya ajiye wasa gefe. “In kun ga na jiƙe da zufa, hannuna na rawa, ina magana kamar wanda ya sha ya bugu, kada wanda ya buɗe littafi. Muddin ina iya haɗiya, ku ba ni zaƙi, ko alewa, ko lemo, ko sukari. In kuna shakka ko hawa ya yi ko sauka, ku dai ba ni. In hawa ya yi, cokali ɗaya ba zai kai ni kabari kafin a isa asibiti ba. In sauka ya yi, rashinsa zai kai ni.” Wata shekara wani ɗan baya ya ce, “Baba, in muka cece ka za ka ƙara mana maki?” Ya ce, “Zan dai tashi in ci gaba da zaginku.”

Shekara biyu da suka wuce, Mai Girma Shugaban Sashe, Shehun Malami, Mamba a Majalisar Jami'a, Shugaban Kwamitin Manhaja, mai takardun bincike sittin da wani abu a kan yadda jiki ke sarrafa sukari, ya zo wucewa ta lamba biyu ya ji ɗalibai suna tafi. Washegari takarda ta iso. Ta ce aikin jami'in ɗakin gwaji shi ne jera kaya da kwashe su, bayani a gaban allo kuwa na malamai ne masu digirin da ya dace, sannan darasin cokali ba ya cikin manhaja. Marigayi ya karanta, ya ninke ta huɗu, ya ce, “To, ranka ya daɗe.” Tun daga ranar bai ƙara tsayawa gaban allo ba. Ɗaliban bara ba su ji darasin ba. Na bana ma haka.

Yanzu ga abin da ya faru, kamar yadda muka tattara shi daga bakin ɗalibai goma sha ɗaya da suka yarda a kira su shaida a ko'ina, da abin da muka gani da idonmu.

Ranar Talata ake sa ran wasu baƙi masu tantance darussa za su zo duba ɗakunan gwaji da tsakar rana. Saboda haka ranar Litinin umarni ya fito daga ofishin Shugaban Sashe cewa a fitar da duk wani abin ci daga kowace durowa. Dokar hana ci a ɗakin gwaji doka ce mai kyau, marigayi da kansa ya sha korar ɗalibai a kanta. Amma kowa a ginin nan ya san gwangwanin alewar da ke durowar Baba ba kwaɗayi ba ne, magani ne. An ce a cire, kuma ni aka sa. Na cire. Ya ga ina jan ƙafa ya ce, “Ɗauka mana, Ɗan Sito, kwana ɗaya ne, kada a ce tsoho ya ɓata musu hoto.” Na kulle gwangwanin a sito da hannuna. Ban faɗi wannan don a ce mini sannu ba, na faɗa ne don kada wani ya ce mun ɓoye namu laifin muna tona na wasu.

Ranar Talata marigayi ya yi allurarsa a gida kamar kullum, ya ɗauko kular abincin da Mama, matarsa, ta zuba masa, da niyyar ya karya a barandar waje da ƙarfe takwas, tunda darasi sai goma. Yana isowa ya tarar da ɗalibai cike a bakin ƙofa. Ashe an dawo da darasin bakwai da rabi, an kuma haɗe rukuni uku wuri ɗaya, don a gama a goge ɗakin kafin baƙi su iso. Ba wanda ya sanar da shi. Ya ajiye kular a kan kantar waje inda ɗalibai ke barin jakunkuna, ya sa farar riga, ya shiga. Gwajin ranar kuwa, don Allah a saurara da kyau, gwajin sukari ne: a zuba gulukos, wato irin sukarin da ke yawo a jini, a shuɗin ruwa, a ɗora a wuta, a ga ya koma ja kamar bulo. Da hannunsa ya fasa sabuwar roba ya auna farin garin gulukos a ƙananan kofunan gilas masu tsabta, ya ajiye ɗaya a kan kowane tebur. Tebura ashirin, kofuna ashirin. Ni kuwa an aike ni da amalanke wani sashe in aro sikeli biyu da za a nuna wa baƙi a matsayin namu.

Wajen goma da kwata kwalbar gwaji ta suɓuce daga hannun Baba ta fashe, abin da ba wanda ya taɓa gani. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya kira wani ɗalibi da sunan ɗansa, ya fara wata magana da ba kai ba gindi, ya dafa tebur, ya zame ya zauna a ƙasa. Wasu suka yi dariya, sun ɗauka cikin barkwancinsa ne. Ƙarar kwalbar ce ta jawo Goggo mai shara, wadda ke goge baranda saboda baƙi. Tana leƙowa ta yar da tsumma ta kwarma ihu: “Sugansa ya sauka! Ku ba shi zaƙi, ku ba shi zaƙi yanzu!” Ta kai hannu ga kofin da ke kan tebur mafi kusa. Sai Daktan da ke kula da darasin ranar, wanda bai fi wata takwas da zuwa Sashen ba, ya riƙe mata hannu ya ce, “Goggo, kina da hankali kuwa? Mai ciwon suga za ki ɗura wa suga? So kike ki ƙarasa shi? Kuma wannan na gwaji ne, ba a sa komai a baki a lab.” Ta ce, “Ɗana, don girman Allah sakar mini hannu, na san abin da nake yi.” Ya ce, “Koma kan shararki.” Wata ɗaliba ta shaida mana, tana kuka, cewa akwai kwalbar lemo a jakarta a bakin ƙofa, har ta taka za ta ɗauko, da ta ji abin da Dakta ya faɗa sai ta dawo ta tsaya. Wa zai ga laifinta? Dakta ne ya yi magana.

Minti goma sha biyar, a ƙiyasin shaidu, Baba yana zaune idonsa biyu, yana iya haɗiya, yana motsa baki. Aka yi ta yi masa fifita da littattafan da aka zana matakai goma na ƙona gulukos a ciki. Aka ɓalle masa maɓalli. Aka yayyafa masa ruwa. Aka tura a nemo izinin Shugaban Sashe a ɗauki motar Sashe, aka tarar motar ta tafi ɗauko baƙi. Da Dakta ya fita baranda yin waya, Goggo ta dangwali gulukos da yatsa ta goga wa Baba a dasashi, tana kiran sunansa. Amma a lokacin ya riga ya sheme. Ina shigowa da amalanke na ci karo da su sun ɗauko shi za a sa a motar wani ɗalibi, minti arba'in bayan faɗuwar kwalba.

A asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta fara ganinsa ba ta tambayi digirin kowa ba. Ta soki yatsansa, na'urar ta ƙi ma nuna lamba saboda tsabar ƙasan da sukarin ya yi. Nan take aka ɗura masa gulukos ta jijiya, ɗan'uwan wanda muka baro a kan tebura ashirin. Likitan ya fito ya same ni da Sakataren Ƙungiya ya ce ƙwaƙwalwar ta daɗe da yunwa, zuciyar kuma ta tsoho ce, sai addu'a. Ya tambayi tun yaushe yake haka, muka faɗa. Ya ce ba wanda ke da ko alewa a kusa? Ya ce, “Daga wane sashe ma kuka ce kun kawo shi?” Sakatare ya faɗa masa. Likitan ya dube mu, ya koma ciki.

Rai na Allah ne, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Ba mu ce cokali ɗaya zai ƙara wa Baba minti a kan abin da aka rubuta masa ba. Amma imani da ƙaddara bai taɓa zama izinin yin ƙarya ba. Ga takardun nan biyu na ranar Alhamis, suna nan a allo, kowa ya je ya karanta. Ta farko layi huɗu ce. Ta ce Sashe na baƙin cikin rasuwar “ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatansa bayan gajeriyar rashin lafiya”. Shekara talatin da ɗaya, layi huɗu. Wannan mun haɗiye, Baba ya saba da irinta tun yana raye. Ta biyun ce ba za ta haɗiyu ba. Ta ce an dakatar da wata mai shara daga aiki, za ta kuma gurfana gaban Kwamitin Ladabtarwa ranar Litinin da ƙarfe goma, saboda “sa wani sinadarin ɗakin gwaji a bakin majinyaci ba tare da izini ba, jim kaɗan kafin ya fita hayyacinsa”. Wani sinadari! Sashen da ke kayar da ɗalibi a jarrabawa in ya manta sunan inzayim ɗaya cikin goma, yau shi ne ya kasa tuna sunan farin garin da ke kan teburinsa. Kuma ba kafin ya fita hayyacinsa ba ne, bayan ne. Mutum goma sha ɗaya za su rantse a kan haka.

Wace ce wannan mata da ake son a rataya wa gawar? Shekara goma sha tara tana share lamba biyu. Ba ta taɓa zama a aji ba, sa hannu ma da babban yatsa take yi. Amma shekara goma sha bakwai, duk mako na shida, tana can bayan ɗaki da bokitinta lokacin da Baba ke ɗaga cokali. Ita kaɗai ce a ɗakin nan ranar Talata da ta taɓa halartar darasin da aka ce ba ya cikin manhaja. Da muka je gidanta jiya, abin da ta ce ke nan: “Ni ban san sunan abin da Turanci ba, 'ya'yana. Na dai ji Baba ya faɗa sau goma sha bakwai, na kuma ga garin da yake aunawa.” Ba ta ma tambaye mu maganar aiki ba. Tambayarta ɗaya ce, wai iyalansa sun yarda ita ta kashe shi?

Wannan ya kawo mu gare ku, iyalan marigayi. Mama, uwarmu, uwar marayu, Ƙungiya na durƙusawa gabanki da ta'aziyya. Ranar da na mayar miki da kula, kin buɗe kin ga yadda kika zuba haka take, kika ce, “Ɗan Sito, bai ci ba?” Na ce bai ci ba, Mama. Kika ce, “To me aka ba shi?” Mutane sun cika ɗakin, na fita ban ba ki amsa ba. Ga amsarki yau a rubuce, a sa ɗaya daga cikin yara ya karanta miki a hankali. Sukari aka ba shi, Mama, abin da ya roƙa da bakinsa shekara da shekaru a ba shi. Ba abin da aka sa masa a baki ne ya cuce shi ba, abin da aka hana shi ne.

Yaya, babban ɗan marigayi, kana kan hanya da babbar mota lokacin da abin ya faru, ka iso ka tarar da uba a kwance, sannan tawagar Sashe ta zo gaisuwa wani daga ciki ya raɗa maka cewa ana binciken wata mai shara. Da Goggo ta zo zaman makoki ka tare ta a ƙofa ka ce, “Ke ce kika ɗura wa ubana guba? Fita mana daga gida.” Ta juya ta tafi. Ba mu ga laifinka ba, Yaya, abin da aka ba ka shi ka riƙe, kuma wanda ubansa ke cikin makara ba a tambayarsa hujja. Amma muna roƙonka da girman wanda ya haife ka, kafin sadakar bakwai ka taka ka je gidan matar nan. A cikin mutum casa'in da biyar da suka kewaye mahaifinka, ita kaɗai ta yi masa abin da ya ce a yi.

Ku kuma ɗalibai, ƙannenmu, mun ga yadda kuka cika maƙabarta, mun san da yawanku ba ku iya cin abinci tun ranar. Ba ku kashe Baba ba. An koya muku inda gulukos ke shiga da inda yake fita a kan takarda, ba a koya muku kamannin mutumin da ya rasa shi ba. Mako mai zuwa za a ce ku jero matakai goma, za ku jero, za a ba ku maki. Ku ƙara na sha ɗaya da kanku, ku koya wa na bayanku ko an sa a manhaja ko ba a sa ba. Shi ma Dakta ba mu ce ya nufi Baba da sharri ba. Mun gan shi a bakin kabari yana kuka kamar yaro. Tsoro ya ji, ya kama doka ya riƙe. Abin da muke jira daga gare shi bai da yawa: ya faɗi abin da ya gani da abin da ya faɗa, kada ya bari tsohuwa ta ɗauki kayan da ba nata ba don sunan Sashe ya fita fes a idon baƙi.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rahama, Mai jin ƙai, Ya gafarta wa bawansa Baba Ɗigo, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ya yi haƙuri da shi shekara ashirin ya zama kankarar zunubi, Ya sa duk majinyacin da wani ɗalibinsa ya taɓa ceta ya zama nauyi a mizaninsa. Allah Ya ba Mama da 'ya'ya da jikoki juriyar wannan babban rashi, Ya tsaya musu inda yake tsaya musu, Ya shirya abin da ya bari. Allah Ya sanyaya zuciyar Goggo, Ya wanke ta a idon duniya kamar yadda take a wanke a wurinsa. Mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, a hannun waɗanda za su saurari mai gaskiya ko da tsintsiya ce a hannunta. Amin.

Saura magana ɗaya, kuma taka ce, ranka ya daɗe, Mai Girma Shugaban Sashe. Sa hannunka ne a ƙasan takardar dakatarwa. Ba mu son amsa ta bakin sakatare, ba mu son a kira Shugabanmu ofis a rufe ƙofa a ba shi shayi, ba mu son wani kwamiti da zai binciki kwamiti. Ranar Litinin da ƙarfe tara, awa ɗaya kafin a gurfanar da Goggo, mambobin wannan Ƙungiya gaba ɗaya za su zauna a babban ɗakin lacca da fararen rigunansu, ɗakunan gwaji kuma za su kasance a rufe har sai ka zo. Mun gayyaci iyalan marigayi, mun gayyaci ɗalibai, Goggo za ta zauna a layin gaba. Ka hau mumbarin da ka saba hawa, ka ɗauki lasifika, ka faɗi sunan sinadarin da ka rubuta cewa ta sa masa a baki. Ka faɗe shi da Turanci don ɗalibanka, sannan ka faɗe shi da Hausa yadda matar mamacin za ta ji. Bayan haka ka dubi tsohuwar nan a ido, a gaban kowa, ka gaya mata laifinta.

Sa hannu:
Ɗan Sito,
Kakakin Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakunan Gwaji, Reshen Sashen Kimiyyar Sinadaran Jiki,
a madadin Shugaba, da Sakatare, da ɗaukacin mambobi.